Mai Gyaran Ƙanƙara

Shekara talatin ina goge filin nan, a arewacin Ontariyo.
Kamfanin takarda ya haifi ƙungiyar hokinmu,
da ya rufe ta zama marainiya.
Sau uku ana sauya mata suna, rigar dai shuɗiya.

Haƙoran Orval biyu na tsinta a bakin raga,
na ba matarsa cikin ambulan.
Gaétan kaɗai ya haura babbar gasa:
wasa tara, ya dawo yana sayar da taya.

Kofi ɗaya tak muka ci.
Mota ta mace a hanya,
'yan wasa suka turo ta, kofin na kujerar direba.

Bara aka sayar da ita can kudu.
Na kashe injin.
Sai da ƙanƙarar ta kwana uku
kafin ta yarda ta zama ruwa.