Gajeriyar Hanya

Daga ƙofar gidana zuwa masallacin unguwa a Rafin Daɗi
taku ɗari biyu ne, na ƙirga.
Amma wata bakwai ina yin ɗari tara:
in kurɗa ta lungu, in ɓulla bayan injin niƙa,
in sha kwana kamar mai cigiyar akuya,
don shagon Mu'awiya yana kan hanya,
sunana kuwa yana cikin littafinsa,
shafi uku, da jan biro.

Bai taɓa ɗaga mini murya ba.
Da ma ya ɗaga.
Sai dai ya ce, "Malam, an kwana biyu,"
gaisuwar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Me ma na ci?
Ba yunwa ta kai ni ba, in za a faɗi gaskiya.
Madarar gwangwani ranar da na yi baƙi,
turaren da na ji a jikin Sagiru na yi ƙyashi,
taliya katan guda don an ce gobe za ta tashi.
"Rubuta" ta fi "nawa ne" sauƙi a baki.
Albashi ya shigo Talata,
kafin Juma'a ya zama labari.

Hurera ce ta yago takarda daga kalandar bara,
ta zauna da guntun fensirin Ummita.
"Gero tiya huɗu. Wake biyu.
Manja kwalba, ban ce galan ba.
Daddawa, gishiri, sabulu.
Abin da babu a nan, ba mu san shi ba."
Ta ware wasu kuɗi ta ɗaure da roba:
"Waɗannan na Mu'awiya ne, ajiya ce a hannunka."

Na shiga Babbar Kasuwa da cikina a ƙoshe,
don mai yunwa ba ya ciniki, miƙa wuya yake yi.
Katin banki na gida ƙarƙashin filo.
Kuɗi a hannu, in sun rage in ji a yatsa.
Rumfa uku na taya kafin in ce a auna.
Mai gero ya ce albarka, na juya,
ban yi taku biyar ba ya kira ni, har da gyara.

Sai ga wata hula.
Shuɗiya, aikin hannu,
ta zauna a kaina kamar tare aka haife mu.
Yaron ya riƙe mini madubi yana murmushi:
"Tafi da ita, Malam, ƙarshen wata ka kawo."
Na san wannan murya.
Ita ce ta tsawaita mini hanya.
Na ciro takardata, na duba gaba, na duba baya.
A baya watan Maris ne na bara. Babu hula.
Na cire ta, na mayar inda take.
Ƙamshin tsire ya raka ni har bakin titi,
na ce masa ya gaida gida.

Ba zan ce akwai daɗi ba.
An yi daren da miyar kuka ta zo ba nama,
Ummita ta leƙa kwano, ta ɗago ta dube ni.
An yi ɗaurin auren da na je da tsohuwar shadda,
guga kawai ta sha.

Wata biyar.
Shafi uku ya koma biyu, biyu ya koma ɗaya.
Jiya Mu'awiya ya ja layi daga sama har ƙasa,
ya juyo littafin don in gani da idona.
Ya ce, "An kawo sabuwar shinkafa, a kai maka gida?"
Na taɓa aljihu, takardar Hurera ta motsa.
Na ce, "Ashana ɗaya."
Na biya.

Yau da asuba taku ɗari biyu na yi,
na samu sahun farko.
Da rana ta fito na tarar yana buɗe kwaɗon shago,
na tsaya, ba gyaran murya, ba sunkuyar da kai.
Ni na fara gaisuwa.