Hawa na Bakwai, Asibitin Sendai

Shekara talatin da takwas fuskata na kallon sama,
ina huda rufin kankare,
ƙura na sauka a haƙorana.
Kafaɗar dama ta yi yaji tuntuni,
ba ta tunawa da ni sai sanyin teku ya taso.

Ran Litinin aka turo shi kan taya huɗu,
dogon wuya, ido ɗaya.
Ba ya miƙe gaɓoɓi da mu da safe,
ba ya shan shayin gwangwani.
Injiniya Kuramochi ta ce, "Ga abokin aikinka."
Na ce aboki shi ne wanda na taɓa ganin guminsa.

Duk ramin da ya huda
sai na hau tsani na zura yatsa.
Daidai. Na gaba ma daidai.
Haushi ya ishe ni.
Ban taɓa juya masa baya ba,
ko cin shinkafata nake, ina kallonsa ta wutsiyar ido.

Kwana na sha tara
ya ɗaga hannu ya nufi inda bututun ruwa ya ratsa.
Tsohon zane aka ba shi,
ni kuwa ina nan ran da aka kauda bututun.
Na doki jan maɓalli.
Ya tsaya cak, hannu a sama,
kamar yaron da aka kama a bakin tukunya.
Na yi dariya har Nobuharu ya sheƙo
yana zaton tsani ne ya kayar da ni.

Wanda bai taɓa kuskure a gabanka ba
ba ka san ta gefen da za ka tsaya masa ba.

Yanzu ni ke bin rufi da alli, shi ke hudawa.
In ƙafata ta taka layin rawaya, ya dakata,
in hannunsa ya tashi, na ja baya.
Nobuharu ya tambaye ni
ko nan da shekara goma za a bar masa abin yi.
Na ba shi rabin kifina. Ban da amsa.

Da yamma nakan goge masa ido da tawul ɗina.
Ba so ba ne,
makahon mahudi haɗari ne.

Jiya jikata Kotone ta ce in ɗaga ta
ta taɓa fitilar ƙofar gida.
Sai da ta sauka na lura
da wane hannu na ɗaga ta.