Bencin Ranar Laraba

Ran Litinin aka zo da bokitin fenti.
Allon ƙofar asibitinmu na Farin Gada,
wanda ya ce kurma da makaho da mai keken guragu
su shigo ta nan, akwai mai sauraronsu,
aka shafe shi fari fat,
kamar bangon da bai taɓa yin alkawari ba.

Wai masu ba da kuɗi sun sauya ra'ayi,
can ƙetaren teku wani ya ja layi
a kan wasu kalmomi.
Ni ne tafintan kurame.
Shekara shida hannuna ne bakin likita,
idona ne kunnensa.
Takardar sallamata layi uku ce,
har da "muna godiya".

Kachollom ce ta tarar da ni a gindin tankin ruwa,
tsohuwar nas mai rigar sanyi ruwan toka.
Ta ce, Tanimu, ka zo ran Laraba.
Na ce, Mama, ni fa salla nake yi.
Ta ce, ban tambayi alƙiblarka ba,
benci ne, kuma da sauran wuri.

Aminai suke kiran kansu,
'yan gari na ce musu 'yan Kwaka.
Su tara ne, in ka ƙirga da Dawam
mai zuwa daga Bukuru in ya sami kuɗin mota.
Ba fasto, ba ganga, ba mai ɗaga murya.
Abin da suka riƙe bai fi cikin cokali ba:
wai akwai ɗan haske a cikin kowa,
ba hukuma ce ta kunna shi ba,
balle ta hure.

Suka ajiye bencin a ƙarƙashin farin allon.
Sanyin Jos na cizon kunne,
masu a-daidaita na rage gudu su leƙa.
Maigadi ya zo, zanga-zanga ce? Ina kwalayen?
Kachollom ta matsa masa wuri.
Bai zauna ba.
Bai kuma tafi ba.

Sai ga Sahura da cikin wata bakwai,
katin awo a naɗe cikin leda.
Ta tambaye ni da yatsu: me suke yi?
Na ce, shiru.
Ta yi dariya har kafaɗarta na rawa:
waɗannan ai 'yan koyo ne,
shekara ashirin da bakwai ina ciki
ba wanda ya ce mini ibada nake yi.
Ta zauna. Bencin ya ɗan yi ƙara.

Bayan awa guda sukan tashi da wasiƙa,
hannu da hannu, har ofishin darakta.
Ba zagi a ciki, ba Allah ya isa.
Suna kawai, da rana,
da yadda Sahura ta gyaɗa kai
ga maganar da ba ta ji ba,
ta sha biyu a maimakon rabi.
Darakta ya ce, wallahi ba daga ni ba ne.
Kachollom ta ce, mun sani, ɗana,
amma makullin ɗakin a aljihunka yake kwana.

Yau Laraba ta goma sha ɗaya.
Ba a buɗe ɗakin ba,
albashina bai dawo ba,
mai gidan haya ya daina amsa gaisuwata.
A kan benci nake fassara yanzu,
likitoci biyu kan saci jiki su fito.

Ruwan Agusta ya soma cin fentin,
arha aka saya.
Harafi ɗaya ya leƙo, rabin wani na binsa.
Da safen nan maigadi ya tare Sahura a ƙofa,
na miƙe zan yi faɗa,
sai na ga hannunsa a sama,
a karkace, yana neman "ina kwana".
Ta kama yatsun ta gyara masa.