Ranar da Siminti Bai Iso Ba

Na rubuta Talata a littafina,
na ja mata layi biyu da jan biro:
zuba dekin, gidan Hajiya Tasalla, Hanwa.
Talata ta zo da ƙafarta,
siminti bai zo ba.

Da hantsi direba ya ce yana Kwangila.
Da azahar ya ce taya ta fashe a Jaji.
Motar da baya take tafiya ke nan?
Daga nan wayarsa ta yi gum.

Leburori goma sha ɗaya a kan bulo,
kwanukan kwaɓi a kife,
kuɗin yininsu na tafiya a cikin kaina
kamar ruwa a tsagaggen tulu.
Ga hadari ya haɗo daga bayan Kufena,
baƙi ƙirin, bai nemi shawarata ba.

Jatau birkila, wanda ya girme ni da gini talatin,
ya karkaɗe hula a gwiwa ya ce,
"Injiniya, takarda ba ta san damina ba.
In za ka zana gida,
ka bar wa ba-zata ɗakinta,
don ko ba ka bar mata ba, a falo za ta kwana."

Na sallami mutane da rabin kuɗi,
muka lulluɓe rodi da tampol.

Sai ga ni tsaye da la'asar a hannu,
ban san inda ake ajiye ta ba.
Mako uku ban ga gidana da rana ba.
Ashe gwandar tsakar gida ta nuna har tsuntsu ya fara,
ashe Ummita ta yi giɓi,
tana fito da shi kamar usur.

Na gyara mata sarƙar keken da na ce gobe, na ce jibi.
Muka gangara bakin Kubanni,
muka sayi rake kara ɗaya,
ta sha gaɓoɓin tsakiya, ta bar mini kai da gindi.
Ruwan da na tsorata da shi tun safe
ya sauko yayyafi kawai,
muka fake a rumfar wani mai faci,
inda tsofaffi biyu ke dara a ƙasa.
Na zauna, aka cinye ni sau uku,
ban yi dariya irin wannan ba tun bara.

Ana kiran magariba wayata ta yi ƙara:
"Ga mu a Hanwa, buhu ɗari biyu cif!"
Na dubi ɓawon rake a cinyar yarinyar,
na ce, "Ku sauke, ku rufe.
Siminti ba ya tsami kafin asuba."

Yanzu da fensir nake rubuta ranaku.
Tsakanin Talata da Laraba
ina barin layi ɗaya fari.
Rabinsa na direba ne da hadari,
rabin na Ummita.