Hannun Magatakarda

Shekara goma sha tara ina riƙe wa Muttumbal alƙalami
a Kirta, a ɗakin nan na bayan matsar zaitun.
Idonsa ya mutu, harshensa na nan da kaifinsa.
Yakan ce, "Rubuta, Barik.
Hannun da ya miƙa Littafi ga sojan Rum
ba ya tsarkake kowa.
Baftismarsa ruwan wanki ce."
Ni kuwa in rubuta, ban taɓa tsallake harafi ba.

Da wannan tawada garin ya tsage.
Majami'a biyu a titi guda,
zabura ɗaya ake rerawa, kowa na ɗaga murya don ya danne ɗan'uwa.
Mai gurasa ya daina sayar wa ƙanwarsa.
An tone tsohuwa Sabina daga kabarinta
wai ta kwanta kusa da maciya amana.
In limaminsu ya taka dandamalinmu
mu bi sawunsa da gishiri da ruwa.

Malam ya kafa hujja arba'in.
Na can tsallaken titi suka ce rijiya ta Allah ce,
mene ne laifin ruwa in guga ya yi datti?
Kwana uku bai ci ba, yana neman amsa.

Abin da ba a rubuta ba shi ne wannan:
daren da sojoji suka zo
yana ɓoye cikin randar mai, ni na saka shi.
Suka ce littattafai ko malam.
Na ɗauko Bishara huɗu da wasiƙu, har da wadda ya yi wa sharhi a gefe,
na kai su bakin wuta da kaina.
Da safe na ce ƙwacewa aka yi.
Ciki ba don gurasa kaɗai aka yi shi ba.

Ranar da zai cika ya nemi ruwa,
ya ce daga hannuna kawai zai sha.
Ya sha. Bai saki hannun ba.
Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya
ya daɗe a kan tabon ƙuna na gindin babban yatsa.
Sai ya ce, "Rubuta."
Na tsoma alƙalami, na jira
har tawadar ta bushe.

Fatar tana nan a akwatina, fara.
Kowane ɓangare ya aiko a ba shi ita,
sun ji an ce wasiyyar malam ce.