Hular Bajamushe a Misau

Kakana Ɓarau ya dawo daga yaƙin Garwa
da tari a ƙirji, da hula a buhu.

Baduku Ɗanjuma ya juya ta, ya ƙwanƙwasa:
"Fatar saniya ce, an dafa, an shafe da baƙi.
Wanda ya ɗinka ya san aiki."
Mikiyar tagulla a goshi,
tsini a ka, wai don takobi ya goce.
Harsashi kuwa bai tambaya ba.

Yau a bayan ɗakin Inna Dudu
an soke tsinin a ƙasa,
bakin na kallon sama,
'yan tsaki na shan ruwa a ciki.
Mikiyar, kai a ƙasa,
shekara da shekaru
ba ta suri ko ɗaya ba.