Lissafin Arzika

Ni da Arzika tabarma ɗaya muke rabawa
a bayan rumfar albasa, Alaba Rago,
inda kwata ba ta bushewa, sauro ba ya hutu.
Shi ɗan Dogon Dutsi, ni ɗan Malumfashi,
harshe ɗaya, katin shaida biyu,
da kuɗi biyu masu hararar juna.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da ya diro daga kan buhunan Galmi,
silifansa kowace ƙafa da launinta.
Ya ga gada tana tafiya a kan ruwa,
ya ƙirga fitilu har wuyansa ya ƙage,
ya ce, "Nan Allah ya juye ƙasan buhu."

A lokacin, in ya aika abin da ya tara,
Tasalla, tsohuwarsa, ta auni gero,
ta ɗaure akuya,
canji ya kwana a bakin zane.
Jiya na raka shi wurin ɗan canji.
Ya miƙa naira mai kaurin bulo,
aka ba shi sefa, 'yan ganye uku,
ya juya su, ya sake juyawa,
kamar mai neman sauran a bayansu.

Da dare mukan buɗe kotu, babu alƙali.
In ce, "Mu ke da kwalta, mu ke da jami'a,
wutar da kuka gani, daga koginmu ta taso."
Ya ce, "Kun ba maƙwabci fitila,
kuna laluben cokali a duhu."
In ce, "Rijiyarku gaba arba'in,
igiya ta cinye tafin matanku."
Sai ya yi shiru.
Na san inda shirun ya tafi:
ƙanwarsa Zuwaira, a amalanken jaki,
naƙuda ta riga asibiti isowa.
Ban sake ɗaga wannan dutse ba.

Can ya ce, "Amma a garinmu
ba a sayar wa mutum wurin ajiye haƙarƙari.
Nan ko bayan gida sai ka nuna kuɗi,
ruwa a leda, inuwa da haya.
Ina ƙanenka mai digiri?"
Yana Apapa, yana tura baro.
Ni ma na yi nawa shirun.

Wata safiya rediyon mai shayi ya ce
masu lissafi sun raba dukiyar ƙasa da kawuna,
kason ɗan ƙasata ya ɗara na ɗan ƙasarsa.
Arzika ya ajiye kofi, ya buɗe tafi:
"To, Barmo, miƙo rarar."
Na zazzage aljihu a gaban jama'a:
ɓarin goro, rasit ɗin 'yan tasha,
da maɓallin da ya bar rigata tun bara.
Har mai shayi sai da ya dafe ciki.

Ran Laraba ya ɗaure kayansa.
Ya ce ya gaji da tara iska a kwando,
gara ya ci tuwon gero a ƙofar ubansa.
Ya bar mini bokiti da rabin sabulu.
Kafin motar Birnin Ƙonni ta cika,
waya ta yi ƙara. Tasalla ce.
Ruwa ya ɗauke tun gero na goyo,
rumbu ya koma ɗakin ɓeraye,
ta ce, "Zauna inda kake, ɗana,
ko ganye ukun nan, ganye ne."

Ya dawo da magariba bai ce komai ba.
Na matsa masa gefen da ba ya yoyo.
Muka jiƙa garin rogo a kwano ɗaya,
ƙuli biyu, sukari na bashi.
Jirgi ya wuce ta samanmu da fitilunsa,
ban san ƙasar da ya nufa ba.
Arzika bai ɗaga kai ya ƙirga ba.
Ya ce, "Ci, kada ya kumbura
mu ɗauka yawa ya yi."